Fatalwar ƴan fim a tsohon otal: daga ina ake fara bincike?

Hajiya Mai Masauki, Rayfield: Assalamu alaikum ƴan zaure. Tunda yawancinmu da harkar masauki da gyaran gini muke cin abinci, ina so mu taɓa maganar otal ɗin nan na Amurka, Hollywood Roosevelt, wanda ake cewa fatalwowin ƴan fim na yawo a cikinsa. A can irin wannan labari ciniki yake jawowa. A nan Jos kuwa, ranar da aka ce ana jin motsi a ɗaki kaza na masaukinka, to ka yi sallama da baƙi. Idan baƙo ya sauko risafshan ƙarfe biyun dare ya ce ya ji ana tafiya, ko ya ga mutum tsaye, me ake fara dubawa?

Malamin Tarihi, Naraguta: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in shimfiɗa labarin tukuna don kowa ya san abin da ake magana a kai. An buɗe otal ɗin a 1927 a birnin Los Anjeles, hawa 12 ne, kuma a zaurensa mai suna Blossom aka yi bikin ba da kyautar Oscar na farko, ranar 16 ga Mayu 1929. Labarai uku ne suka fi yawo. Na ɗaya, wai ana ganin Marilyn Monroe a cikin wani dogon madubi da ya taɓa zama a ɗakin da take sauka. Na biyu, Montgomery Clift ya zauna a ɗaki mai lamba 928 a hawa na tara lokacin da yake ɗaukar wani fim a farkon shekarun 1950, wai har yanzu ana jin yana busa begila yana kai-komo a baranda. Na uku, wani wuri a cikin zauren Blossom da ake cewa ya fi ko'ina sanyi.

Ku lura da abu biyu. Babu ko ɗaya cikinsu da ya mutu a otal ɗin. Monroe a gidanta na unguwar Brentwood ta rasu a 1962, Clift kuma a gidansa na New York a 1966. Sannan labaran sun bazu ne a tsakiyar shekarun 1980, daidai lokacin da aka yi wa ginin babban gyara ana shirin sake buɗe shi. Dubban mutane sun kwana a wannan gini, amma labaran da suka fi yawo ba na fatalwar mai wanke-wanke ko ta wani ɗan kasuwa ba ne, na wadda sunanta zai sayar da ɗaki ne.

Oga Fulamba, Dilimi: Malam, ka ba ni begilar nan, tawa ce. Fayif yana busa, kuma busa sosai. Hanya biyu aka fi samu. Idan woshar kan famfo ta saki ko ta cinye, ruwa na wucewa sai ta riƙa kaɗawa da sauri, sautin ya bi fayif ya fita a wani ɗakin daban. Ɗayar kuma bawul ɗin da ke cika tankin masai, mai ƙwallon nan. Idan robarsa ta tsufa, daidai lokacin da tanki ya kusa cika sai ya yi wani dogon kuka. Da rana hayaniya ta rufe shi. Da dare kowa ya rufe famfo, ƙarfin ruwa ya ƙaru a layin, sai sautin ya fito fili.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ana cikin jin kukan a buɗe murfin tankin masai a ɗaga hannun ƙwallon sama. In ya yi shiru, an kama ɓarawo. In bai yi ba, a riƙa rufe ƙananan bawul ɗin da ke ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu ɗaya bayan ɗaya, a fara da ɗakunan da ke sama da ƙasan wanda ake ƙorafi, don layinsu ɗaya ne a cikin bango. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya ana bincike a ɗakin da aka ji sautin, alhali tushen yana hawa biyu sama.

Hajiya Mai Masauki, Rayfield: To bugun bango fa, Oga? Irin ƙwanƙwasa ƙofa ɗin nan, sau biyu ko uku.

Oga Fulamba, Dilimi: Wannan ruwa ne aka tsayar da shi farat ɗaya yana cikin gudu, sai ya daki fayif, fayif ya daki bango in ba a ɗaure shi da kyau ba. A sa geji, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, a famfon da ya fi kowane ƙasa. Duk tsawon mita 10 tsakanin tanki da famfo yana ba da ƙarfin ruwa kusan "ba" (bar) ɗaya a geji, don haka dogon gini ƙasansa ne ke shan wahala. In geji ya haura ba 5, a sa bawul mai rage ƙarfi a saita shi wajen 3, a ƙara kilif inda fayif ke lilo. Inda ake da injin tura ruwa, a duba ɗan tankin iskar da ke jikinsa. In iskar ta zube, injin zai riƙa tashi yana mutuwa duk dare, kowane tashi da bugunsa. Ana kashe injin, a zubar da ruwan layin, a buga masa iska ta ɗan gaza ma'aunin da injin ke tashi a kai da kamar 0.2.

Tafiyar da ake ji kuma, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, yawanci fayif ɗin ruwan zafi ne ke miƙewa. Na jan ƙarfe mai tsawon mita 10, in ruwa ya ɗaga shi daga digiri 15 zuwa 60, yana ƙara tsawon kusan milimita 8. Koren robar nan ta PPR da kowa ke sa wa yanzu, marar zare a ciki, tana iya ƙara kusan santimita 7 a wannan tsawon. In an matse shi a ramin bango ba a sa masa riga ba, ba ya zamewa sumul, sai ya riƙe ya saki, ya riƙe ya saki. Wani baƙon ne kawai ya buɗe ruwan wanka a can ƙarshen baranda.

Kafinta, Tudun Wada: Ku haɗa da rufi. Garin nan ya haura mita 1,200 a kan tudu, rana ta gasa kwano, dare ya yi sanyi ya sauko. Dogon kwanon alminiyam na mita 10, in ya tashi daga digiri 45 da la'asar ya sauko 10 da asuba, ya janye kusan milimita 8, kuma ƙusa ce ke riƙe da shi. Dole ya yi ƙara. Tsofaffin gine-ginen zamanin Turawan kuza masu daɓen katako, irin tsarar otal ɗin Hill Station, hunturu na busar da katakon ya ja jiki. Ƙofar da ke buɗe kanta kuma a ɗora mata ma'aunin magina a gefen hinji. In firam ɗin ya karkata ko kaɗan, nauyinta zai ja ta. A leƙa silin ma da tocila, a nemi kashin jemage, na ɓera ko na mujiya.

Baban Khalifa, Gangare: Ni fa wannan ce matsalata da ku. Komai aka faɗa sai ku ce fayif, sai ku ce kwano. To fayif ne ke shiga madubi ya zama mace? Mutane nawa suka ce sun gani? Duk ƙarya suke yi? Aljanu gaskiya ne, kuma kowa ya san suna son tsohon gini da wurin da aka daɗe ana sheƙe aya.

Likita, Bauchi Road: Baban Khalifa, ba ƙarya suke yi ba, sun ga abin da suka ce sun gani. Tambayar ita ce a ina hoton ya samu. A 2010 wani masani ɗan Italiya, Giovanni Caputo, ya zaunar da mutum 50 ɗaya bayan ɗaya gaban madubi a ɗaki mai ƙarancin haske, kowa ya kalli fuskarsa minti 10. Mafi yawansu sun ga fuskar ta jirkice, wasu sun ga baƙon da ba su sani ba, wasu sun ga iyayensu. Lafiyayyun mutane ne. Idan ido ya kafe a wuri ɗaya cikin duhu-duhu, gefe-gefen hoton yana dushewa, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da take tsammani. Yanzu ka ɗauko mutumin da aka gaya masa tun daga ƙofa cewa wannan madubin Monroe ne. Wa kake jin zai gani?

Kuma an gwada wannan ɗin ma. A 1997 wasu masu bincike biyu, Lange da Houran, sun zagaya da mutane cikin wani tsohon gidan wasa a Amurka. Rabi aka ce musu ana ganin abubuwa a wurin, rabi aka ce gyara kawai ake yi. Waɗanda aka tsorata su ne suka fi ba da labarin jin abubuwa.

Kafinta, Tudun Wada: Tsohon madubi ma kansa yana taimakawa. Danshi na cin azurfar bayansa, ya bar baƙi-baƙi da hazo-hazo. Tabo biyu da layi ɗaya a ƙasa sun ishi ido ya haɗa fuska.

Malam, Anguwar Rogo: Baban Khalifa, rabin maganarka daidai ne. Aljanu halittar Allah ne, akwai sura sukutum da sunansu, musulmi ba ya musun su. Amma labarin da aka kawo ba na aljani ba ne. Cewa aka yi wance da ta mutu ta dawo tana duba madubi, wane ya dawo yana busa. Wannan kam babu shi. Duba Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100: wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Mamaci yana can da abin da ya dame shi, ba shi da lokacin zagaya baranda.

Sannan imani da aljanu bai ce duk ƙarar da ka ji aljani ne ba. Matafiyi in ya sauka a masauki ya karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. In zai kwanta ya yi Ayatul Kursiyyu, da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Mai gida ya sa a riƙa karanta Baƙara a gidan. Bayan haka a kira mai gyara. Abin da nake jan kunne a kai shi ne masu zuwa su ce an binne wani abu a harabar, a kawo baƙin bunsuru da kuɗi kaza. Nan ake asarar dukiya da imani gaba ɗaya.

Baban Khalifa, Gangare: Allah gafarta Malam, na karɓi ta mamaci. Amma wanda aka danne a gado ya kasa motsi fa, yana ganin abu a bakin ƙofa?

Likita, Bauchi Road: Dannau ke nan. A matakin barcin da ake mafarki, jiki yana kashe ƙarfin tsokoki don kada mutum ya tashi ya aikata mafarkinsa. Wani lokaci hankali ya farka kafin jiki ya saki, sai mutum ya ji nauyi a ƙirji, ragowar mafarkin kuma ya zubo cikin ɗakin. Daƙiƙoƙi ne zuwa ƴan mintoci. Kusan mutum 8 cikin 100 suna gamuwa da shi a rayuwarsu. Abubuwan da ke tayar da shi su ne ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, gajiya da kwanciya rigingine, wato dai duk halin da matafiyi ke ciki. Ga kuma abin da aka tabbatar a Jami'ar Brown a 2016, cewa daren farko a baƙon wuri ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa ba ya nutsewa cikin barci sosai, ƙaramin sauti na tayar da shi.

Amma Hajiya, ki ajiye duk waɗannan a gefe. Abin da za a fara dubawa, kafin fayif, kafin madubi, shi ne iskar kabon monoksaid. Sauran duk tsoro suke bayarwa, ita kashewa take yi. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a tsohon gida. Suna jin takun ƙafa, suna ganin mutane a bakin gado, suna jin an danne su, ga ciwon kai da kasala, har shuke-shuken cikin gida suka bushe. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ke turo hayaƙi ciki maimakon waje. Aka gyara, komai ya tsaya.

A Jos hanyoyinta sanannu ne: janareto kusa da taga ko a ƙarƙashin bene, kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a Disamba da Janairu a rufe ko'ina, hitar ruwa mai gas a banɗaki marar mafitar iska. Alamar da ma'aikacin risafshan zai riƙe: ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ruɗewa ba tare da zazzaɓi ba, mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya lokaci guda, kuma in sun fita waje su ji sauƙi. Kada a ce maleriya ce a ba su magani su koma su kwanta. A fitar da su, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe injin, a wuce asibiti a sa musu oksijin. Ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa zai iya nuna kashi 98 alhali mutum na cikin haɗari, don ba ya bambance jinin da gubar ta kama.

Injiniyan Janareto, Bukuru: Likita ya gama magana. In ƙara da lamba. Ƙaramin janareto ya yi nesa da taga, ƙofa da mashigar iska da aƙalla mita 6, salansa na kallon waje. Babban na dizal, a duba gaskit ɗin salansa da wurin da aka yi walda. Baƙin toka a jikin mahaɗa alama ce yana yoyo. Ƙararrawar gano iskar, in mai bin ma'aunin Turai ce, a kashi 50 cikin miliyan za ta yi kuka tsakanin minti 60 da 90, a kashi 100 tsakanin minti 10 da 40, a kashi 300 kuma kafin minti 3. Ba ita ce ƙararrawar hayaƙin gobara ba, mutane na rikita su. Tana da ranar mutuwa a rubuce a bayanta, yawanci shekara 5 zuwa 10, ko batir na da rai.

Akwai kuma sautin da kunne ba ya kamawa, ƙasa da kaɗawa 20 a daƙiƙa. Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya wallafa a 1998 yadda ma'aikatan wani ɗakin gwaji ke jin faɗuwar gaba da ganin inuwa a gefen ido, ya gano sabuwar fankar zuƙe iska ce ke ba da kaɗawa kusan 19. Fankar da ke juyi 1,140 a minti, in fuka-fukanta ba su daidaita ba, lissafinta ke nan daidai.

Likita, Bauchi Road: Injiniya, a nan zan ɗan ja birki. Gwaje-gwajen da suka biyo bayan Tandy ba su zo da sakamako iri ɗaya ba. A ɗauke shi a matsayin abin dubawa, kada a sayar wa Hajiya shi kamar yadda muka tabbatar da maganar hayaƙi.

Injiniyan Janareto, Bukuru: Ban ƙi ba. Amma gwajinsa kyauta ne: a kashe fankar kicin da ta banɗakuna dare ɗaya a ga ko ƙorafin zai ragu. Ko ba fatalwa, fankar da ke girgiza tana cin boris, gara a sa mata roba a ƙafa.

Mai Wayarin, Farin Gada: An bar ni a baya. Talabijin mai kunna kanta: yawancin na otal an saita su su tashi da zarar wuta ta shigo, to duk sanda aka juya daga NEPA zuwa janareto cikin dare sai ta kama. A shiga saitin a mayar da ita ta jira rimot. Ƙwan LED da ke ɗan haske ko ƙyaftawa bayan an kashe shi: ko dai an sa makunnin a kan nutural maimakon layif, ko makunnin mai ɗan fitila ne yana barin wuta kaɗan ta wuce. Wanda ba na wasa ba shi ne fitilun da ke ƙara haske a wani ɗaki suna dushewa a wani. Nutural ne ya saki a babban allo. A gini mai layi uku, soket ɗin da ya kamata ya ba da 230 zai iya haurawa can wajen 400, kaya su ƙone, gobara ta tashi. A kashe, a ɗaure, a auna kowane layi da nutural.

Lif mai tafiya ba kowa a ciki kuma haka aka tsara shi, in ya zauna ƴan mintoci sai ya koma hawan da aka ba shi ya jira. Wayar ɗaki mai ƙara ba mai magana, a duba ko baƙon jiya ya bar saitin tashe shi, ko danshi ya shiga akwatin mahaɗa. Na'urar da masu farautar fatalwa ke yawo da ita tana ƙyalli, filin wutar lantarki take aunawa. Ka kai ta kusa da waya a bango ko firij, za ta ba ka fatalwa har ka gaji.

Malamin Tarihi, Naraguta: Saura wurin sanyin zauren Blossom, ba wanda ya ɗauka.

Injiniyan Janareto, Bukuru: Iska mai sanyi ta fi nauyi, in ta fito daga bututun na'urar sanyaya ɗaki a dogon silin sai ta sauko wuri guda. Ginin da aka sake wa bututu lokacin gyara, ba abin mamaki ba ne. A kunna turaren tsinke a bi hayaƙin, zai nuna inda iskar ke fitowa. Kada a dogara da ma'aunin zafi mai kama da bindiga, zafin bango ko daɓe yake karantawa, ba na iska ba. A rataye ma'auni biyu iri ɗaya, ɗaya a wurin, ɗaya mita 3 daga nan, tsayi ɗaya, a rubuta duk rabin awa, na'urar na aiki da kuma tana kashe.

Hajiya Mai Masauki, Rayfield: Allah ya saka da alheri. Abin da zan sa a yi shi ne littafi a risafshan: rana, lokaci, lambar ɗaki, abin da baƙo ya ce da bakinsa, wuta ta NEPA ce ko janareto, injin ruwa na aiki ko a'a, su waye a ɗakunan sama da ƙasa. Baƙon a sauya masa ɗaki nan take ba gardama, kuma a hana ma'aikata ba shi labarin abin da wani ya taɓa ji. Injiniya, ƙararrawar nan a ina ake kafa ta, kuma guda nawa?

Injiniyan Janareto, Bukuru: Ɗaya a duk inda ake ƙona wani abu, kicin, ɗakin hita mai gas, barandar da ta fi kusa da gidan janareto, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga abin. In a silin ne, ta bar bango da santimita 30. In a bango ne, sama da tsayin ƙofa, amma kada ta manne da silin. A ɗakin kwana kuma daidai tsayin kan mai barci. Kada a sa ta bayan labule, bakin taga ko cikin banɗaki mai tururi. Fara da ɗakunan da tagoginsu ke kallon janareto, da ɗakin masu gadi, don su ne ke kwana da kasko. A danna maɓallin gwaji duk wata. Ki kuma duba inda salansa ke kallo sau biyu a shekara: iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka janareton da hayaƙinsa ke tafiya daji a Agusta zai iya turo shi cikin ɗakuna a Janairu, lokacin da kowa ya toshe tagarsa.

Baban Khalifa, Gangare: Ni dai har yanzu ba zan kwana a 928 ɗin nan ba, ko kyauta ne. Oga Fulamba, turo min lambarka ta gefe, tankin masan shagonmu yana irin wannan kukan.